Harry Potter na farko: zai yi wa 'yan shekara 4, 6 da 9?

Maman Husna

Assalamu alaikum jama'a. Hutu ya zo, yara uku ne a gidan: namiji mai shekara 4, mace mai 6, da babbarsu mai 9. Babbar ta dage sai an turo musu Harry Potter a memori, wai duk 'yan ajinsu sun kalla. Wasu sun ce min na farkon na yara ne zalla, wasu sun ce akwai wuraren da ko babba sai gabansa ya faɗi. Talabijin ɗaya ce a falo, in aka kunna duka ukun za su zauna. Don Allah wanda ya san fim ɗin sosai ya faɗa min me ke ciki takamaimai, wa zai iya kallo wa ba zai iya ba. Kuma akwai yadda mutum zai gane tun kafin ya kunna, ba sai yaro ya kwana yana firgita ba? Na ga an rubuta PG a jikin hotonsa, ban san ko wannan ya isa ba.

Malamar Nazare

Wa alaikumus salam, Maman Husna. Bari in fara da hukunci kafin dalili: mai 9 za ta iya in kina zaune a wurin, mai 6 sai da tsallake wasu wurare, mai 4 kuwa ki nema masa wani abin daban a wannan hutun.

Abin da ke ba yaro tsoro yana canjawa da shekaru. Wata malama a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Joanne Cantor, ta daɗe tana bin wannan batu, kuma abin da ta fitar ya yi daidai da abin da duk mai zama da yara yake gani. Yaron da bai kai 7 ko 8 ba da ido yake yanke hukunci. Halitta mai munin fuska, ko da ita ce mafi kirki a labarin, ta fi mugu mai kyakkyawar fuska razana shi. Abu na biyu da ke kaɗa masa hanta shi ne rikiɗa, wato mutumin da ya saba gani ya juye ya zama wani abu. Kansa bai riƙe cewa na ɗazun ne dai a ciki ba, abin da zai ɗauka shi ne kowa ma yana iya juyewa. Daga 8 zuwa sama dodanni suna rage ƙarfi, tsoro ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske: mutuwar uwa ko uba, satar yara, gobara, ɓarayi.

To, mu auna fim ɗin da wannan mudun. A 2001 ya fito, tsawonsa awa 2 da minti 32. Tsawon kaɗai ya fitar da mai 4, don Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana. Bayan haka, yaron da ba ya iya bin zaren labari hotuna kawai yake kwasa. Zai ɗauki fuskar dodon ya tafi da ita shimfiɗa, ya bar bayanin cewa an ci galabarsa a falo.

Awa ta farko da sauƙi, amma ba wayam take ba. A mintunan buɗewa mage tana rikiɗa ta zama mace. Akwai ƙaton mutum mai uban gemu da ke karya ƙofa cikin dare ana tsawa. Aboki ne, sai dai ɗan shekara 4 ba zai jira ya tabbatar ba. Akwai ɗan gajeren waiwaye na yadda aka kashe uwar Harry, yaron da labarin ke kansa, da koren haske da ihu. Akwai gajerun halittu masu dogayen yatsu a banki, da fatalwar da ke karkatar da kanta gefe ana tsakiyar cin abinci, kan yana reto a jikin 'yar fata.

Daga wajen awa ɗaya abin yake ɗaukar zafi. Kare mai kai uku yana haushi a fuskar yaran. Sai ƙaton dodo mai kulki da ya ritsa yarinya a banɗakin makaranta yana farfasa komai. Wannan akwai ƙara sosai, amma da barkwanci yake ƙarewa: an cusa masa ƙaramar sanda a hanci, an zaro ta da majina. Yawancin 'yan shekara 6 dariya suke yi a nan, in da babba kusa.

Wurare uku ne nake cewa a tsallake wa mai 6. Na ɗaya gajere ne, a ɗakin karatu cikin dare: yaron ya buɗe littafi, fuska ta taso daga shafin tana kururuwa. Daƙiƙu kaɗan ne, amma ba a ba da sanarwa, kuma irin wannan zaburar ce ke manne wa yaro. Na biyu a daji ne, can cikin kashi na uku na fim ɗin: wani abu cikin baƙin mayafi ya duƙa a kan mataccen farin doki mai ƙaho yana shan jininsa, ya ɗago, ya sulalo wajen yaron.

Na uku shi ne babban, cikin rabin awa na ƙarshe. Wani malami mai i'ina, wanda tun farko kowa ya ɗauka matsoraci ne, yana tsaye gaban madubi. Wata murya tana raɗa, ba a ga mai ita ba. Sai ya kai hannu ya fara warware rawaninsa a hankali, zagaye bayan zagaye, ya juya baya, sai ga wata fuskar a ƙeyarsa tana magana. Daga nan ya shaƙe yaron, yaron ya dafa masa fuska, fuskar ta yi hayaƙi ta tsage ta zube kamar toka. Duk abin da na lissafa a sama ya haɗu a nan wuri ɗaya: rikiɗa, munin fuska, kuma wanda ya rikiɗa ɗin malami ne, mutumin da aka ce wa yaro ya yarda da shi. Ga ƙari a wurinmu: yaron Landan zai iya shekara bai ga mai rawani ba, namu kuwa duk Juma'a yana ganinsu a sahun gaba.

Mai 9 za ta ɗauki wannan, musamman in kin faɗa mata tun kafin a zo wurin cewa yaron zai tsira.

Baban Khalifa

Malama ta gama da abin da ke ciki. Ni zan yi magana kan harafin PG da kuma kwafin da za a turo miki, don nan ne aka fi yin kuskure.

PG ba ya nufin "na yara". Yana nufin iyaye su duba. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, ta bayyana nata ma'aunin a fili: U ya dace da ɗan shekara 4 zuwa sama, PG kuwa bai kamata ya tayar da hankalin yaro ɗan wajen shekara 8 zuwa sama ba. Ki lura da wannan 8 ɗin. Biyu daga cikin yaranki suna ƙasa da layin da su masu harafin suka ja. Sai 12A, wanda a sinima ba a barin ɗan ƙasa da 12 ya shiga sai da babba. A Amurka akwai G, PG, sai PG-13, wanda aka ƙirƙiro a 1984 bayan iyaye sun yi ƙorafi cewa wasu fina-finan PG sun yi tsanani. Saboda haka in kin ga tsohon fim na kafin 1984 da PG, ki ƙara sa ido, a lokacin babu matakin tsakiya. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, haruffanta sun yi kama da na Birtaniya. Amma fim ɗin da aka tura a memori a bakin kasuwa bai bi ta ƙofar kowace hukuma ba, kuma sau da yawa an yanke allon farko mai ɗauke da harafin.

Babban tarkon shi ne fina-finan takwas ne, daga 2001 zuwa 2011, kuma suna girma tare da yaran da ke ciki. Masu turawa kan zuba su duka a jaka ɗaya, na farko yana ƙarewa na biyu ya kama da kansa. Na biyu, na 2002, PG ne shi ma, amma akwai rubutun jini a bango, da taron manyan gizo-gizo da ke bin yara a daji, da ƙaton maciji, da fatalwar yarinya da ke zaune a banɗaki. Na uku, na 2004, har yanzu PG, akwai malamin da ke rikiɗa ya zama dabba a gaban ɗalibansa, da wasu halittu masu baƙin mayafi da ke zuƙe ran mutum ta baki. Daga na huɗu, na 2005, aka koma 12A a Birtaniya, shi na huɗun kuma PG-13 ne a Amurka. A ciki ana kashe ɗalibi a maƙabarta a gaban ido. Ki ce a tura miki na farkon kaɗai. In an riga an zuba duka, ki kwashe sauran daga memorin, kada ki dogara da alkawarin yara.

Yadda za ki tantance kowane fim, ba wannan kaɗai ba: ki nemi sunansa a IMDb, wani shafin bayanan fina-finai a intanet, ki gangara sashen da aka rubuta wa Parents Guide. Sun kasa shi gida biyar, na ƙarshe shi ne na abubuwan ban tsoro, kuma ana rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Masu kallo ne ke cike shi, don haka ki karanta bayanin kansa, kada ki tsaya kan hukuncin "kaɗan" ko "matsakaici". Shafin BBFC ma yana ba da dalilin kowane harafi, masu shafin Common Sense Media kuma suna ba da shekarun da suke ganin ya dace. Daga nan ki buɗe kwafin da ke hannunki a waya, ki kalli minti goma na farko da minti talatin na ƙarshe cikakku, tsakiyar kuma ki riƙa jan layin ƙasa kina tsayawa duk inda hoton ya yi duhu. A fim ɗin almara, inda aka rage haske nan ake ajiye abin tsoro.

Ki rubuta mintunan a takarda daga kwafinki, ba daga intanet ba. Dalili: kwafin da aka ɗauko daga faifan Turai yana gudu da saurin kusan kashi 4 cikin 100 fiye da na sinima, minti 152 ya koma wajen 146. Kwafin fassarar Hausa kuma an saka talla a farko, an yanke wasu wuraren. In kika bi mintin da wani ya rubuta a intanet, za ki danna tsallake bayan fuskar ta riga ta fito. Ki ja baya da minti ɗaya cikakke daga inda abin ya fara, don kiɗan da ke share masa hanya ma yana aikinsa.

Game da fassarar, a nan na ɗan saɓa da masu cewa tana rage tsoro. Wani lokaci haka ne, mai fassara yana zuba barkwanci a kan wurin da ya kamata a yi tsit, tsoron ya watse. Amma dole ya ba kowace halitta suna da Hausa, kuma sunayen da ke kusa da bakinsa su ne aljani, maye, matsafi, fatalwa. Abin da a Turanci yake da sunan da yaro bai taɓa ji ba, a fassara ya zama abin da aka ce masa yana bayan gida. Ki saurari kwafin da kunnenki kafin ki yanke.

Sai sauti. Rabin tsoron fim a kunne yake. Ki rage ƙarar talabijin zuwa inda ake jin magana kawai, in akwai babbar sifika ki cire ta, rugugin nan da ake ji a ƙirji shi ke sa yaro ƙanƙamewa. Kada a ba yaro waya da abin kunne shi kaɗai a ɗaki, wannan ya fi kowace sinima tsanani, kuma ba ki ganin abin da yake gani. In wutarku ba ta da tabbas, ki ajiye fitila a kunne a gefe. Ba abin da ya kai a ɗauke wuta ana tsakiyar wurin dajin nan, falo ya yi baƙi ƙirin, labarin ya tsaya a inda abin yake sulalowa.

Malam na Islamiyya

Hajiya, akwai maganar da iyaye ke saurin faɗa in yaro ya tsorata: "Ai ba gaske ba ne." Ina so in tsaya a kanta, don a gidajenmu tana da matsala biyu.

Ta farko, ɗan shekara 4 ko 5 bai gama raba gaske da wasa ba, kalmar ba ta kama komai a kansa. Abin da ke kwantar masa da hankali a jiki yake: a ɗora shi a cinya, a rungume shi, a ba shi ruwa, a fita da shi tsakar gida. Bayani sai daga wajen shekara 7 yake fara aiki.

Ta biyu ta fi shafarmu. Masu auna waɗannan fina-finai a ƙasashensu suna auna su ne don yaron da aka gaya wa tun yana ƙarami cewa babu fatalwa, babu mayu, babu sihiri. Namu yaron ya karanta a makaranta cewa aljanu halittar Allah ne, akwai sura guda da sunansu, ya haddace Falaƙi ya ji an nemi tsari daga masu tofi a ƙulle-ƙulle, ga kuma abin da yake tsinta a bakin yaran unguwa na mayu da kamun kurwa. In kika ce masa "babu irin wannan", ko dai ya ga kin saɓa wa malaminsa, ko ya gane lallashi kawai kike yi. Abin da ya fi shi ne ki taƙaita maganar a kan fim ɗin: wannan da kake gani mutum ne aka shafa wa fenti, wancan da kwamfuta aka zana shi, in an gama kowa wanke fuska yake yi ya tafi gida a biya shi kuɗinsa. Wannan gaskiya ce tsantsa, ba ta karo da komai. Akwai bidiyoyin yadda aka shirya fim ɗin a YouTube, inda ake ganin 'yan wasan a gaban koren ƙyalle suna tsoron abin da babu shi. Minti biyar na wannan kafin a fara kallo ya fi dogon wa'azi bayan an tsorata.

Saboda wannan bambancin, akwai abubuwan da su can ba su ƙirga a cikin abin tsoro ba sam, amma a nan sai an ƙirga. Mujiya ce mai kawo wasiƙa a fim ɗin, tsuntsuwar gida abar so. Yaron da ya ji yadda ake faɗi in ta yi kuka a kan katanga ba haka zai gan ta ba. Magen da ta zama mace, su abin burgewa ne. Dodo a banɗaki kuwa, kin san yadda yaranmu suke da banɗaki da dare tun ba a nuna musu komai ba, balle in a can ƙarshen tsakar gida yake. Halittun fim na uku da Baban Khalifa ya ambata, masu zuƙe rai, yaro Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa su.

Wani zai ce ai da Dodo muka tashi a tatsuniya, yana haɗiye mutane, ba abin da ya same mu. Haka ne, amma dubi yadda ake yin ta. Ana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", ana rufewa da "ƙurunƙus", yaro ya san inda ƙofar shiga take da ta fita. Mai ba da labarin kaka ce ko uwa, tana kallon fuskarsa, in ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta murya ko ta jefo Gizo ya yi wata wautar. Kuma Dodon yaro ne ke zana shi a kansa, ba zai zana wanda ya fi ƙarfinsa ba. Fim ba ya kallon fuskar kowa. Don haka ki ari aikin kakar: ki ba su labarin da bakinki kafin a kunna, har ƙarshensa, har da abin da ke ƙarƙashin rawanin. Babba ne ke jin haushin a faɗa masa ƙarshen fim. Yaro in ya san abin da ke zuwa, jira yake ya ce "ga shi nan, Mama ta faɗa".

Batun ko ya dace a kalli labarin da jarumansa masu koyon sihiri ne, wannan hukunci ne daban da na tsoro, kuma akwai gidajen da suka rufe ƙofar gaba ɗaya saboda shi. Ke da maigidan za ku yanke. In kun bari, kada a bar mai 9 ba tare da an zauna da ita an bambance mata abin da ke cikin labarin ƙirƙira da matsayin sihiri a addini ba. A shekarunta za ta gane sarai.

Maman Husna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya da ban faɗa ba: mai 6 ɗin riƙonta nake, mahaifiyarta ta rasu bara. Wannan zai canja wani abu? Kuma in an yi duk wannan amma wani ya tashi da dare yana kuka, me ake yi?

Malamar Nazare

Ya canja sosai, Maman Husna, Allah ya jiƙan mahaifiyarta. Na janye maganar tsallake wurare uku, a jinkirta mata fim ɗin baki ɗaya. Abin da zai taɓa ta ba ya cikin jerin da na ba ki, kuma ba ya tsallakuwa, don shi ne ƙashin bayan labarin. Yaron maraya ne, yana hannun 'yar'uwar mahaifiyarsa da mijinta, suna kwantar da shi a wani lungu ƙarƙashin matakala, suna fifita ɗansu a kansa a fili. A tsakiya kuma akwai madubin da yake ganin iyayensa da suka mutu suna masa murmushi, ya riƙa komawa yana zama a gabansa cikin dare. Babu dodo a wurin, babu ƙara, shafukan tantancewa ba su cika ɗaukarsa da nauyi ba. Yarinyar da ke gidan riƙo shekara ɗaya da rasuwar uwarta za ta iya fitowa da tambayoyin da ba za ta furta ba.

Ki kalla da babbar ku biyu, lokacin da ƙananan suke Islamiyya ko gidan maƙwabta, a zama biyu ko uku. Kuma ki ja mata kunne kada ta zo tana ba su labarin fuskar ƙeya da dare, don yayye sun iya wannan.

Nas Mai Dare

Kan tambayarki ta biyu, 'yar'uwa. Tun ana kallo ake fara ganewa, kuma ba mai ihu ne abin damuwa ba. Ki fi lura da wanda ya yi tsit ya daina motsi, ko ya koma tsotsar yatsa, ko yake ta maimaita tambaya ɗaya, "zai mutu?", ko ya ce fitsari yake ji sau uku cikin rabin awa. Kada ki tambaye shi "kana jin tsoro?" a gaban yayyensa, zai ce a'a don kada a yi masa dariya. Ki tsayar da fim ɗin da wani dalili naki, ki aike shi kicin tare da ke. In ya kai ɗan 7 zuwa sama kuma an riga an shiga wurin tsoron, sau da yawa gara a kai inda aka yi nasara a kan abin da a kashe a tsakiya, don kansa zai ci gaba da ƙarasa labarin da mafi muni.

Lokaci: da hantsi ko bayan La'asar, ba bayan Isha ba. A bar aƙalla awa ɗaya ba kallo kafin barci, in fim mai tsoro ne a ba shi fiye da haka, a sa wanka da cin abinci da hira a tsakani. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, kuma ƙarancin barci da kansa yana ƙara firgita.

Tashin dare iri biyu ne, ana yawan haɗa su. Mugun mafarki ya fi zuwa a rabin dare na biyu, wajen asuba. Yaro yana farkawa sosai, ya gane ki, ya faɗi abin da ya gani, ya ƙi komawa barci shi kaɗai. Wannan shi ne wanda fim ke jawowa. Ki je wurinsa, ki kunna fitila, ki bar shi ya faɗa ba tare da kin yi masa dariya ko faɗa ba, ki karanta masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki koya masa abin da ya zo a hadisi na tofi sau uku ta hagu da neman tsari da juya kwanciya. Yaro yana samun natsuwa in an ba shi abin da zai yi da kansa. Kada a bi shi ana leƙa ƙarƙashin gado da sanda ana korar dodo, wannan tabbatar masa ne cewa akwai abin kora.

Ɗaya kuma firgitar barci ce, tana zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan kwanciya. Yaro ya tashi zaune yana ƙwala ihu, ido buɗe, gumi, zuciya na bugawa, amma bai gane ki ba, yana ma iya ture ki. Barci yake yi. Bayan 'yan mintuna ya koma ya kwanta, da safe bai tuna komai ba. Kada a girgiza shi ko a watsa masa ruwa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo kawai a jira. Gajiya da zazzaɓi da rashin isasshen barci ne suka fi tayar da ita, ba lallai fim ba, kuma a nan ne ake saurin cewa aljanu ne.

Tsoron fim yakan lafa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu in ba a sake kallo ba. A raka shi banɗaki da fitila ba tare da gori ba, a bar ƙofar ɗaki a buɗe. A kai shi asibiti in abin ya kai wata guda, ko ya hana shi makaranta da wasa da rana, ko in a cikin firgitar jikinsa yana sanƙarewa ko fizga, ko kumfa a baki, don a duba farfaɗiya. Haka in yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yi: yana iya zama tsoron fita banɗaki ne, amma in da zafin fitsari, ko yawan shan ruwa da rama, a gwada fitsarin da sukarin jini kafin a ɗora wa fim laifi.